Shari'ar Filin Makaranta a Ƙasar Kura da Bunkure

Jawabin da wani malamin kotu ya yi a taron tunawa da ma'aikatan En'e

  

An umurce ni in faɗi 'yar magana a wannan taro da mu ke yi don tunawa da magabatanmu, ma'aikatan En'e. Ni kuwa ba ni da wata sana'a sai rubuta ƙara da ajiye littafin shari'a, saboda haka ba zan wuce gonata ba. Zan yi magana a kan irin ƙarar nan da kan taso sa'ad da aka tashi gina makarantar gwamnati, aka kasa daidaitawa bisa wurin da za a kafa ta. Na zaɓi ƙasar Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ya ke ratsa gonaki, don a nan ne ƙasa ta yi daraja ƙwarai. Inda ƙasa ta yi daraja kuwa, nan gardama ta kan yi tsanani.

Abin da ni ke so in bar muku guda ɗaya ne. Alƙali yana iya faɗin mai fili, yana kuma iya faɗin ko an karɓi filin bisa ƙa'ida, amma ba ya zaɓa wa gari wurin makaranta. Wannan aikinku ne. In kuwa kun yi shi tun da wuri, yawancin ƙararrakin nan ba za su iso gabanmu ba.

Yadda a ke yi a zamanin En'e

A cikin 1909 Baturen nan Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Daga nan sannu a hankali aka riƙa kafa makarantun Elementare a garuruwan hakimai, Baitulmali na biyan gini da albashin malamai, yaron da ya yi ƙoƙari kuwa a kai shi Midil cikin birni.

A wannan zamani samun fili ba wuya. Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sake tsarawa a 1916, ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Amma a ƙauye wanda talaka ya sani shi ne Sarki, da hakimi, da dagaci. In za a gina makaranta, hakimi ya kan kira dagaci, dagaci ya nuna saura ko wata gona a gefen gari, a musanya wa mai ita da wata, magana ta ƙare. Banda haka, mutane gudun boko su ke yi. Hakimi ne ke bin ƙauyuka yana neman yara, uba kuwa yana ɓoye nasa. To, abin da kowa ke so a yi nesa da shi, wa zai kai ƙara don a kawo shi ƙofar gidansa?

Duk da haka magabatan nan ba su raina rubutu ba. Shari'ar gona da ta gida a Kano Majalisar Sarki ce ta ke yanke ta, kuma littafin hukunce-hukuncen majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, wanda aka rubuta da Larabci, yana nan har yanzu masana suna karantawa. Magatakardan da ya rubuta shi ya daɗe da rasuwa, amma alƙalaminsa bai daina ba da shaida ba. Haka kuma malaman taki, waɗanda su ke auna gonaki da ƙafa don yanka haraji, su kan rubuta sunan mai gona da girmanta. Wannan ɗabi'a ta rubuta abu tun kafin a yi gardama a kansa, ita ce mafificin gadon da suka bar mana.

Abubuwa uku da suka juya al'amari

En'e ta naɗe tabarmarta sannu-sannu. A 1968 aka raba ta da kotuna, suka koma hannun gwamnatin jiha, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa saura. A daidai waɗannan shekaru abubuwa uku suka auku a jere, suka juya maganar fili a wannan yanki.

Na farko ruwa. Zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, aka jawo ruwa ta babban kanal zuwa ƙasar Kadawa da Kura da Bunkure. Kashin farko na aikin an tsara shi ya ci hekta 22,000, a 1976 kuwa aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Da za a shirya gonakin, sai aka karɓe su, aka sare itatuwa, aka baje ƙasa da injuna, aka yanka ta daidai da hanyoyin ruwa, kana aka mayar wa manoma bayan an rage kimanin kashi ɗaya cikin goma saboda kanal da hanya. Ku lura da abin da wannan ya jawo. Dattijon da ya san iyaka da kuka, ko ɗorawa, ko layin gamba, ya wayi gari babu ko ɗaya. Gonar da dā a ke noma dawa sau ɗaya a shekara ta koma tana ba da shinkafa da damina, alkama ko tumatir da rani. Wanda ya ga kasuwar Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ba ya bukatar a gaya masa darajar eka guda a wannan ƙasa.

Na biyu, cikin Satumba 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Aka shiga gina azuzuwa ƙauye-ƙauye cikin gaggawa, da yawa a bisa filayen da aka bayar da baki, ba takarda, ba dutsen iyaka. Mutane kuma suka gane amfanin boko, makaranta ta zama abin da gari ke alfahari da shi.

Na uku, ran 29 ga Maris 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau ita ke aiki. Ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon rabon ƙasar karkara. Dagaci ya zauna a matsayin mai shaida da ba da shawara, alhali kuwa dā shi ne mai nuna fili.

Watau cikin shekara huɗu ƙasa ta yi tsada, makaranta ta yi farin jini, ikon fili kuma ya sake hannu. Yawancin ƙarar da a ke yi yau, tushenta yana cikin waɗannan shekaru.

Ire-iren ƙarar

Iri na farko shi ne na magada. Wani bawan Allah ya ba da gonarsa don a gina makaranta, ya rasu, 'ya'ya ko jikoki suka tashi suka ce aro ne. A nan fiƙihun Malikiyya ya yi bayani filla-filla. Kyauta ko hubusi ba su cika sai an yi hauzi, watau wanda aka bai wa ya karɓa ya sa hannu a kan abin tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In mai kyauta ya rasu ba a karɓa ba, kyauta ta ɓaci, fili ya koma cikin gado. Saboda haka filin da aka yi alkawari aka bar shi shekara da shekaru, ba shinge ba tubali, yana cikin haɗari. Har wa yau, gonar gado da ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon ba da ita shi kaɗai. Akwai rabon ƙannensa, da na mata, da na marayu, wanda sau da yawa a kan manta da su sai ranar ƙara. A ɗaya gefen kuma, in makaranta ta yi shekara goma tana zaune a wuri, mai da'awa yana gari, baligi ne, yana gani bai ce kome ba, ba kuwa abin da ya hana shi magana, galibi ba a sauraron da'awarsa bayan haka.

Iri na biyu shi ne inda hukuma ta karɓi fili da ikonta. Doka ta yarda da wannan, gama ta lissafa ilmi cikin abubuwan da a ke kira amfanin jama'a. Amma ta gindaya sharuɗɗa. Sashi na 6 ya ce in ƙaramar hukuma ta karɓi ƙasa sai ta biya diyyar abin da ke kanta, in gona ce kuma ta ba mai ita wata gonar a madadinta. In ta ƙi biya ko ta yi sakaci, Gwamna yana da ikon ya sa a ƙimanta, ya umurce ta ta biya. Abin da a ke biya wa diyya shi ne gini, da shuka, da itatuwa masu daɗewa, da rijiya, da aikin ban ruwa da mutum ya yi da kuɗinsa. Tsarin Mulki na 1999, a sashi na 44, ya ƙara da cewa a biya diyya ba da jinkiri ba, a kuma bar wa mutum hanyar zuwa kotu. To, ga inda wuyar ta ke a ƙasar noman rani: in ka karɓi eka mai shan ruwan kanal ka ba mutum eka a tudu, a takarda ka yi musanya, amma shi ya san an rage masa kaka guda a kowace shekara.

Iri na uku ya keɓanta da wannan yanki. Kanal da bakinsa, da hanyoyin da ke binsa, da filayen da gwamnati ta riga ta karɓa don aikin ruwa, ba su cikin abin da ƙaramar hukuma ke da ikon shiga. Dokar 1978 da kanta ta fitar da irin wannan ƙasa daga hannunta. Wanda ya ga fili a sarari kusa da kanal ya ce ba na kowa ba ne, ya nemi taswirar Hukumar Kogunan tukuna.

Iri na huɗu shi ne gasar garuruwa. An ba mazaɓa makaranta guda, ƙauye biyu kowanne ya ce a ƙofarsa za a kafa. Wannan ya ce shi ne tsohon gari, wancan ya ce ya fi yawan yara. Da ya ke sun san alƙali ba zai saurari wannan ba, sai wanda aka kayar ya nemo wani mai da'awar fili ya tura shi kotu. A takarda ƙarar gona ce, amma a zuci ƙarar girma ce. Irin wannan ita ta fi daɗewa, don ko an yanke hukunci ba a taɓa ainihin ciwon ba.

Abin da alƙali ke dubawa

Wannan gardama ta girme mu duka. A shekara ta 17 bayan Hijira, Sayyadina Umar ya so ya faɗaɗa masallacin Madina, gidan Abbas, baffan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana jikin masallacin. Umar ya ba shi zaɓi: ya sayar, ko a gina masa wani a inda ya ke so, ko ya bayar sadaka. Abbas ya ƙi duka. Suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, ya ba Abbas gaskiya. Da Abbas ya ga hakkinsa ya tabbata, sai ya ba da gidan sadaka don kansa. A Makka kuwa, da Umar ya tashi faɗaɗa Harami, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa ya rushe nasu, ya ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Halilu, sun halatta tilasta sayarwa don faɗaɗa masallaci, masu sharhi suka haɗa da hanya da maƙabarta, amma da biyan ƙima.

Ku dubi abin da ke cikin labarun nan biyu. Bukatar jama'a tana iya rinjayar ta mutum guda, amma sai an saurare shi, an kuma biya shi. Sau da yawa ma wanda ya ƙi bayarwa da aka zo masa da iko, shi ne ke bayarwa kyauta in an zo masa da girmamawa.

Kotunan zamani ma a kan wannan turba su ke. A shari'ar Ereku ta 1974, gwamnatin Jihar Tsakiyar Yamma ta wancan lokaci ta karɓi ƙasa a Warri da sunan amfanin jama'a, sa'an nan ta ba wani kamfani haya. Kotun Ƙoli ta soke karɓar. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda zai karɓi gona da sunan makaranta, kana a wayi gari an yanka gefenta an yi kantuna. A shari'ar Osho ta 1991 kuma kotun ta ƙarfafa cewa in ba a isar wa mai ƙasa sanarwa yadda doka ta tsara ba, karɓar ba ta inganta ba. Tun hukuncin Adisa da Oyinwola na shekarar 2000, an tabbatar Babbar Kotu ma tana da hurumin sauraron shari'ar ƙasar karkara, ba ƙananan kotuna kaɗai ba. Ma'ana, ƙarar da ta faro daga gefen kanal tana iya hawa mataki-mataki har Abuja.

Tambayoyin alƙali ke nan guda uku: Filin na wane ne? An karɓe shi ta hanyar da ta dace? An biya abin da ya wajaba? Ba ya ƙetare su.

Abin da alƙali ba ya dubawa

Akwai tambaya ta huɗu, wadda ta fi sauran muhimmanci ga yaro, ba kuwa wata kotu da ke amsa ta: shin wurin nan ya dace da makaranta?

A wannan ƙasa sai a duba ko yara za su ƙetare kanal, in za su ƙetare kuwa ko akwai gada kusa. Yaro ɗan shekara shida ba ya zagaye mai nisa in yana hango makaranta a tsallake. Sai a tuna ruwan kanal mai tafiya a hankali yana tara katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, yara kuwa ba su ganin ruwa su ƙyale. Sai a duba babbar hanyar Kano zuwa Zariya da manyan motocinta. Sai a duba ƙasar kanta, gama inda a ke ban ruwa rani da damina ruwa ya kan taso kusa, bango ya sha danshi, ramin masai ya cika tun ba a je ko'ina ba. Sai a duba burtali da mashaya, kada a toshe wa makiyaya hanya, a kashe wata wuta a kunna wata. Sai kuma a auna nisa, musamman saboda 'yan mata, don uba ya kan haƙura da nisa ga ɗansa namiji, amma ba ya haƙura ga 'yarsa.

Duk wannan sanin yana wurin dagaci da mai unguwa, da liman, da shugabannin manoma masu rabon ruwa. Ba ya cikin fayil ɗin kotu.

Wanda ke biyan kuɗin gardama

Da an shigar da ƙara, abu na farko da mai ƙara kan nema shi ne umurnin dakatar da aiki. Ɗan kwangila ya kwashe kayansa, siminti ya daskare, damina ta ci tushen gini. Tun dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, kuɗin ginin azuzuwa da yawa haɗin gwiwa ne, Tarayya ta ba da rabi, jiha ta kawo rabi. Kuɗin da aka sha wuya kafin a haɗa shi ba ya zama jiran shari'a, sai a karkata shi zuwa garin da ba rigima. Firamare shekara shida ce. Shari'ar ƙasa da aka ɗaukaka ƙara sau biyu tana iya cin haka ko fiye. Yaron da ya isa shiga aji ɗaya ranar da aka rubuta ƙara, kafin a karanta hukunci yana can bakin gona yana korar tsuntsaye daga shinkafa, lokacinsa ya wuce. Ba a rubuta sunansa cikin masu ƙara ba, ba a kuma rubuta shi cikin waɗanda a ke ƙara ba, amma shi aka kayar.

Kada kuma a raina ƙorafin manomi a kan gonarsa. A Bakolori, cikin ƙasar Talatar Mafara, gardamar diyya da rabon gonakin noman rani ta kai ga zubar da jini cikin Afrilu 1980. Allah ya kiyashe mu da irin wannan. Na ambace shi ne don mu tuna ƙasa ba abin wasa ba ce wurin mai ita.

Abin da ni ke roƙo

Ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwa abubuwa bakwai, kafin a haƙa tushen kowace makaranta.

1. A tara garuruwan da makarantar za ta yi wa aiki gaba ɗaya a gaban hakimi, kowa ya faɗi hujjarsa, a rubuta dalilin da ya sa aka zaɓi wurin da aka zaɓa. Wanda aka saurara aka kayar ya fi sauƙin haƙuri bisa wanda ya ji labari a kasuwa.

2. A binciki asalin filin: gado ne, saye ne, aro ne, ko jingina? Wanda ke noma gona ba kullum ne mai ita ba.

3. In kyauta ce, a kira magada duka, maza da mata, da waliyyin marayu, a rubuta a gaban shaidu, a kai wa alƙali ya tabbatar.

4. A karɓi filin nan take. A kira safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a dasa itatuwa a kusurwoyi.

5. In da iko aka karɓa, a miƙa sanarwa hannu da hannu, a biya diyya kafin aiki, gonar musanya kuwa ta zama daidai da wadda aka karɓa wajen samun ruwa.

6. In wurin yana kusa da kanal, a sami amincewar Hukumar Kogunan a rubuce.

7. A yi takardun kofi huɗu: ɗaya wurin hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a ofishin ilmi, ɗaya wurin shugaban makaranta.

Makarantun da aka riga aka gina tun 1976 ba da takarda ba, su ma a bi su ɗaya-ɗaya tun sauran dattawan da suka halarci bayarwar suna da rai. Kowace shekara shaidun nan raguwa su ke yi, ƙasa kuwa tsada ta ke ƙarawa. Aikin yini guda ne ga dagaci da malaminsa, amma zai hutar da alƙalai uku nan gaba.

Magabatanmu na En'e sun yi aiki da alƙalami da tawada, da doki da ƙafa, suka bar littattafan da har yau a ke kafa hujja da su. Mu da mu ke da mota da na'urar awo ba mu da hanzari in muka bar na baya cikin duhu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sāka musu da alheri bisa wahalar da suka sha. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa hakimai da alƙalai basira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shiryi 'ya'yanmu. Haza wassalam.